Kwana a mota kyauta ne, tayar ce ke cin kuɗi

Duk wanda ya ji ance wane zai yi doguwar tafiya kuma a cikin motarsa zai riƙa kwana, abun da yake fara zuwa masa a rai shine ai shikenan wannan ya huta, tunda babu kuɗin otal. Eh babu kuɗin otal, wannan gaskiya ne. Amma ni abun da na lura dashi, kuɗin daman ba ta wajen kwana ya fi zurarewa ba, ta wajen tafiyar kanta yake bi. Duk ranar da ka murza makulli ka hau titi akwai abun da zaka biya, ko mai, ko kuɗin hanya, ko ɗan ciye-ciyen nan da ake saya a gidan mai ba don yunwa ba sai don gajiya, ga taya tana suɗewa ga baƙin mai yana tsufa kai baka gani. Ranar da motar ta wuni a tsaye a inuwa kuwa, in ka cire abun da ka ci, kusan baka kashe komai ba. Toh mai ƙaramin aljihu daga nan zai fara, ya rage gudu, ya rage nisa, ya ƙara zama. Sauran bayanan duk a ƙarƙashin wannan suke.

Bari mu fara da mai tunda shine mai babban kaso. Kafin ka fita ka san lita nawa motarka take sha a kilomita 100, kuma ba wai abun da kamfani ya rubuta ba, a'a, abun da taka take sha yanzu da tsufanta da komai. Gwajin ba wuya, ka cika tanki fal ka rubuta lambar da ke kan mita, kayi harkokinka, ranar da ka dawo sake cikawa ka duba lita nawa ta ɗauka, ka raba da kilomitan da kayi sannan ka ninka da 100. Ace ta baka lita 8. Ace kuma taswira tace tafiyar kilomita 3,000 ce zuwa da dawowa, lita 240 kenan a takarda. Sai dai taswira bata san zaka ɓata hanya ba, bata san zaka ratse neman wajen kwana ko ka koma baya neman ruwa ba, kuma bata san wani zai ce maka ai akwai wani tafki can gaba kar ka wuce baka gani ba. Shi yasa ni kashi 20 cikin 100 nake ɗorawa a kai, ya koma kilomita 3,600, lita 288. Yanzu in ka labta mata kaya a rufi kana ta zabga gudu har shan nata ya koma lita 10, kaga lita 360 kenan. Bambancin lita 72, ya fi cikin tankin yawancin ƙananan motoci. Tanki guda cur ka zubar a banza, kuma wuri ɗaya kuka je da wanda ya lallaɓa.

Dalilin kuwa iska ce. Mota tana tafiya ne tana ture iskar da ke gabanta, kuma turjiyar iskar nan ba kafaɗa da kafaɗa take tafiya da gudu ba, in ka ninka gudunka sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ma tace da zarar an wuce wajen kilomita 80 a awa, shan mai yake fara hawa da sauri a yawancin motoci. Kuma in ka lissafa ribar mai gudun zaka yi dariya, a tafiyar kilomita 300 wanda yake kan 120 minti 50 kacal zai riga wanda yake kan 90. Me zaka yi da minti 50, kai da ɗakin kwananka yake bayan kujerarka? Babu mai rufe maka ƙofa, babu mai cewa ka makara. Sannu sannu dai bata hana zuwa.

Su dai mutanen ma'aikatar makamashin nan sun auna akwatin kayan da ake ɗaurawa a rufin mota, suka ce a gudun babbar hanya yana iya rage maka kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na nisan da lita ɗaya ya kamata ta kai ka, alhali ƙarin nauyin kilo 45 a cikin mota wajen kashi 1 kawai yake ci. Wato kaya a but ya fi kaya a kariya sauƙi nesa ba kusa ba. In abu ya ƙi shiga ciki, ka tambayi kanka ko da gaske kana buƙatarsa kafin ka nemo igiya.

Akwai wata ɗabi'a da direbobi da yawa suke rantsuwa a kanta, wai a gangara a saki mota a firi don a rage shan mai. A motocin yanzu masu injekta abun a juye yake, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar tana yanke man ne gaba ɗaya tunda tayoyin ne suke juya injin, amma in ka sa ta a firi dole ta ci gaba da zuba mai don kar injin ya mutu. Ga kuma birki da ka bar wa aikin shi kaɗai, ga motar da nauyi, a doguwar gangara sai ya ɗau zafi ya daina kamawa. Ba riba, sai kasada.

Shan mai kuma kar ka bari sai ka matsu. Wanda fitilar mai ta kama masa a tsakiyar hanya bashi da bakin neman sauƙi, duk yadda aka ce masa haka zai saya. A ƙasashe da yawa gidajen man da ke bakin babbar hanya sun fi na cikin gari tsada, ɗan ratsen da zaka yi yakan biya kansa. Ni dai bana barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, in kuma yankin da gari ke nisa da gari ne toh rabi ma na ɗauke shi kamar ya ƙare. Jarkar fetur a cikin motar da zaka kwana kuwa kar ma ka fara, tururinsa kaɗai ya isa ya sa maka ciwon kai, balle a zo maganar wuta.

Sai ita motar. Bakanike mafi sauƙi a duniya shine naka na gida, wanda ya san ka ya san motar kuma zaka iya komawa kace abun nan da ka gyara bai yi ba. Na kan hanya kuwa ya ga baƙo, ya ga lamba ba ta garin ba, ya san ba inda zaka je, ko mutumin kirki ne sai an jira kayan gyara kwana biyu kana biyan ci da sha. Saboda haka kuɗin da zaka kashe kafin tashi ba asara bane, a juye baƙin mai, a duba ruwan lagireto da robobinsa, birki, fanbel, batir, fitilu. In injinka mai tayimin bel ne ka duba littafin motar ka ga a kilomita nawa aka ce a canza shi, don a injina da yawa in ya tsinke ana tafiya ba shi kaɗai yake tafiya ba, har bawul yake lanƙwasawa, daga nan kuma tafiya ta ƙare. Kuma ayi gyaran da sati biyu haka kafin ranar tashi, ka ɗan zaga da ita a gari, duk notin da aka manta ba'a ɗaure ba ya nuna kansa tun kana kusa.

Taya tana da ranar haihuwa, mutane da yawa basu sani ba. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 toh a sati na 23 na 2019 aka yi ta. Roba tana tsufa ko ba'a hau ta ba, taya mai kyan zane amma ta shekara bakwai takwas tana iya fashewa a titi mai zafi da lodi a kanta. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ƙofar direba, har da ta lokacin da aka yi lodi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Safaya ma a auna ta, ita ce kullum ake mantawa sai ranar da aka ciro ta a tarar a kwance take. Jak, abun kwance taya, wayar jona batir, ɗan famfon iska mai aiki da wutar mota, fis-fis na ajiya, tocila. Iya nan ya isa mutumin da ba bakanike ba.

Toh yanzu wajen kwana, kuma nan ne nake ganin mutane suke yin abu biyu masu karo da juna. Wasu su kashe kuɗin rabin tafiyar wajen ƙera gado da durowa da fitilu masu launi irin wanda suke gani a YouTube da Instagram, tun basu taɓa kwana ɗaya a motar ba. Wasu kuma su ce ai ni namiji ne, in kwantar da kujera shikenan. Na farkon ya ƙarar da kuɗin man tun a gida. Na biyun kuma dare na uku zaka same shi a kantar otal yana tambayar ɗaki nawa, baya ya ƙage, wuya ya sanƙare, ido yayi ja. Duk tanadin da ake magana a kansa a kan barci ya dogara, in kana samun barci mai kyau zaka iya wata biyu a haka, in baka samu kuwa otal zai karɓi kuɗin nan ko kana so ko baka so. Saboda haka in akwai abu ɗaya da zan ce kar a yi masa ƙwauro, katifa ce. Ba sai sabuwa ba, soso mai kauri da aka yanka daidai faɗin bayan motar ya wadatar, amma ƙasanta ya zama a miƙe sumul, ramin da ke tsakanin kujeru a cike shi da akwatunan kaya a ɗora falanki a kai. Sannan ka kwana a ciki a ƙofar gidanka dare ɗaya ko biyu kafin tafiyar. Maƙwabta zasu yi maka kallon wani iri, ba komai, a daren nan zaka gano ƙafarka bata miƙewa, ko akwai wani ƙarfe da yake tokarar haƙarƙari, ko fitilar ciki tana kamawa duk sanda ka taɓa ƙofa.

Gilasai a rufe su, don duhu da kuma sutura. Kwali da aka yanka daidai kowace taga aka liƙa masa baƙin ƙyalle a gefen waje yana aikin da na kanti yake yi, daga waje kamar mota ce kawai a ajiye. Amma dole ka bar kafar iska, ka ɗan sauke gilashi biyu masu kallon juna kamar faɗin yatsa biyu, in ba haka ba numfashinka kaɗai zai jiƙa gilashi da rufi kafin asuba, bayan kwanaki katifa ta fara warin ruma. Sauro kuma yankin tsohon gidan sauro ka rufa a tagar ta waje ka kama shi da maganaɗisu ko ka datse shi da ƙofar.

Nan zan ɗan ja magana don ba ta kuɗi kaɗai bace. Kar ka kwana da inji a kunne. Ta fuskar aljihu ma asara ce, mota a tsaye tana aiki tana shan wajen lita 1 zuwa 2 a awa, dare guda na awa 8 da esi kaga lita 8 zuwa 16, man da zai kai motar misalinmu kilomita 100 zuwa 200. Amma babban abun shine hayaƙin salansa. A cikinsa akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. In salansa tana da ɗan huji, ko iska ta juyo da hayaƙin ƙarƙashin motar, mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri ya fita, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Haka gawayi, haka risho, haka murhun gas, duk abun da yake ci da wuta ba'a kunna shi a rufaffiyar mota, ko don girki ko don jin ɗumi. Akwai ɗan na'ura mai batir da take ƙara in ta ji iskar nan, bata fi tafin hannu ba, cikin kayan da ake tallatawa matafiya ita ce ɗaya da nake cewa a saya ba tare da dogon tunani ba.

Toh zafi fa? Zafi ya fi sanyi wuyar sha'ani a mota, don sanyi ana ƙara bargo, a sa wani a ƙasa ma tunda ta ƙarfen ƙasa yake shigowa. Zafi kuwa sai dabara. Ƙaramar fanka mai caji, inuwa tun la'asar don kar bodin ya kwana da zafin rana, ka buɗe ƙofofi duka na ɗan lokaci kafin ka kwanta. In hanyarka tana da tudu ka tsara kwananka ya faɗo a sama, don duk hawan mita 1,000 zafi yana sauka da wajen digiri 6 da rabi, wannan bambanci ne tsakanin juye-juye da minshari. Mafi sauƙi duka dai shine ka zaɓi lokacin tafiyar da kyau tun farko.

Inda za'a tsaya a kwana, kowace ƙasa da nata, wani lokacin ma kowane gari da nasa, kuma tara guda ɗaya tana iya cinye tanadin sati. A Amurka filayen gwamnatin tarayya da ke hannun hukumar kula da filaye ta BLM yawanci ana yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya. A Jamus an yarda direban da ya gaji ya kwana a motarsa don ya huce gajiyar tuƙi, amma ba ya fito da kujeru da tebur ya kafa gida ba. A Niyuzilan akwai doka tun 2011 a kan irin wannan kwanan, wurare da dama sai motar da aka tantance tana da banɗakinta a ciki. Kaga abun da yake halas a nan laifi ne a can, saboda haka a bincika kafin a isa. Manhajoji irin iOverlander da Park4Night matafiya ne suke zuba wuraren da suka kwana a ciki, da inda ake samun ruwa da wanka, amma ka karanta bayanin baya-bayan nan, wurin da aka yaba shekara uku da suka wuce ƙila yanzu an kafa masa shinge. Taswirar yankin kuma ka sauke ta a waya tun kana da sabis, Google Maps yana yi, Organic Maps ma yana yi.

Ƙa'idata ɗaya ce a nan, in isa da sauran rana. Wanda dare ya riske shi yana neman wajen kwana shine yake ƙona mai yana zagaye, daga ƙarshe tsoro ya kai shi otal. Da rana kana ganin komai, ko ƙasar tana da laushin da zata riƙe taya, ko akwai fasassun kwalabe da alamar wurin matattarar wasu ce da dare, ko busasshen rafi ne wanda ruwan da aka yi can nesa zai iya cika shi kana barci. In fili yana da mai shi ayi sallama a tambaya, sau da yawa tambayar ce take zama tsaronka, tunda yanzu an san da kai. Ka juya motar ta kalli hanyar fita, kujerar direba a bar ta ba kaya, makulli wuri ɗaya kullum, yadda in hankalinka bai kwanta ba zaka zame gaba ka tayar ba sai ka buɗe ƙofa ba. Kuma hoton wurin ya jira sai ka bar shi kafin ka ɗora a intanet, mutum ɗaya na gida dai ya san inda kake kowane dare. Wannan ga kowa ne, amma ke da kike tafiya ke kaɗai ki riƙe shi da hannu biyu.

Ba kuma kullum ne za'a kwana kyauta ba, kar rowa ta yi yawa. Duk bayan kwana huɗu ko biyar ka biya wajen zango mai ruwa da wuta, kayi wanka na gaske, ka wanke kaya, ka cika jarkoki, kayi cajin komai, ka zubar da shara. Ka sa shi cikin lissafi tun farko. Wanda ya tsara wannan da kansa yana biyan kaɗan, wanda ya bari sai da ƙazanta da gajiya suka kai shi bango shine yake biyan mai yawa.

Abinci shine na biyu bayan mai, kuma abun da yake kashe kasafin abinci ba kwaɗayi bane, gajiya ce. Ka tuƙa awa bakwai ka iso da yunwa, tukunya tana can ƙarƙashin kaya, wa zai tsaya tono? Sai gidan abinci. Maganinsa kayan girki su zauna a akwati ɗaya a bakin but, murhu, tukunya ɗaya mai murfi, wuƙa, cokali, ashana, mai da gishiri, yadda cikin minti biyar wuta ta kama. Ka riƙe abubuwan da basa lalacewa, shinkafa, taliya, wake, kifin gwangwani, albasa, ƙwai, ɗanyen kaya kuma a saya kaɗan kaɗan a kasuwar da aka ratsa, inda mutanen garin suke saya ba inda aka tanada don baƙi ba. Gas yana daɗewa in ka kare wutar daga iska ka kuma rufe tukunya. Wake ka jiƙa shi da safe a roba mai murfi, kafin yamma ya sha ruwa ya rage maka rabin wuta. Shinkafa in ta tafasa na ɗan mintuna ka sauke ka naɗe tukunyar cikin bargo, da zafinta zata ƙarasa. In zaka yankin sanyi sosai ka sani ƙananan gwangwanayen gas na butan suna daina bada wuta in sanyi ya kai wajen digiri 0, kuma kowane irin gas ne kar a bar shi a rufaffiyar mota cikin rana.

Ragowar abinci a yi hankali dashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tace dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, kuma cikin mota da rana ai ɗakin renon ƙwayoyin cuta ne. Ciwon ciki a hanya ga wahala ga kuɗin magani ga kwanakin da zaka yi a kwance. Ka dafa iya cinka. In kana da kula, ƙanƙara dunƙule ta fi ƙanana daɗewa, gorunan ruwa da aka daskarar sun fi duka tunda in sun narke ka sha.

Ruwa kuwa sayen gora-gora yana cin kuɗi a ɓoye. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, biyu sun isa mutum ɗaya kwanaki in ana lallaɓawa, ɗaya ta sha da girki ɗaya ta wanke-wanke, kuma kar a haɗa su. Ruwan da baka yarda dashi ba ka tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, in kana saman tudu sama da mita 2,000 minti 3. Wanka da lita uku huɗu yana yiwuwa, baƙar jarka in ta wuni a rana ruwan ɗumi kyauta. Uzuri kuma in babu banɗaki, ɗan shebur, rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da kamar mita 60, a rufe. Ƙazantar masu kwana a mota ita ce take sa a kafa allon hana kwana a wuraren da da kyauta ne, kaga har wannan ma maganar kuɗi ce.

Wuta ba sai an zurfafa ba. Batirin mota an yi shi ne ya bada wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba ya kwana yana ciyar da fanka da waya ba, in ana tatse shi ƙasa sosai yana saurin mutuwa. Wasu motocin ma ramin cajarsu baya ɗaukewa ko an zare makulli, ka gwada taka. Yi cajinka kana tuƙi, da dare ka koma kan fawa banki, mai ƙarfin 20,000mAh yana cika waya sau uku ko huɗu. Firijin mota da batir na biyu da sola abu ne mai daɗi, amma ga tafiyar da bata kai wata biyu ba ni ban ga ta inda zasu fanshe kuɗinsu ba.

Kuɗin kansa ka raba shi uku tun a gida. Na yau da kullum, wanda ka raba da yawan kwanaki ka san abun da ya hau kowace rana. Na gyaran mota, wanda ba'a taɓawa don an ga abun sha'awa. Sai na man komawa gida, daga wuri mafi nisa da zaka kai, shi ko kallonsa ba'a yi. Kowane dare ka rubuta abun da ya fita, minti biyu ne, a sati na farko zaka ga ramin da kuɗin yake bi, sau da yawa ma ba inda kake zargi bane. In ka ga kwana uku a jere ka haura, ba sai ka fara horar da cikinka ba, ka samu wuri mai kyau ka zauna kwana biyu ba tuƙi, lissafin zai dawo daidai da kansa. Tsabar kuɗi a raba su wuri biyu uku a motar. In a wata ƙasa kake ciro kuɗi da kati na'urar ta tambaye ka ko ta canza maka zuwa kuɗin ƙasarku, kace a'a, ka zaɓi na ƙasar da kake, canjin na'urar kusan kullum ya fi tsada. Ƙetare iyaka da mota kuma yana da nasa kashe-kashen da ake mantawa, inshorar da zata yi aiki a can, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wasu ƙasashen har sai da takardar kwastan da ake kira Carnet de Passages, wadda sai ka ajiye jingina mai kauri kafin a baka don tabbatar da ba sayar da motar zaka yi ba. Wannan tun watanni kafin tafiya ake bincikensa.

In ku biyu ne ko uku man ya rabu, wannan ita ce ragi mafi girma da zaka taɓa samu, duk da wajen kwanan zai matse, ƙila ɗaya ya koma tanti a gefe. Ku haɗa kuɗin mai da abinci a hannun mutum ɗaya, in ya ƙare a sake zubawa daidai, ya fi wannan na biya jiya kai ka biya yau ɗin da yake ƙarewa da ƙunƙuni. Amma tun kafin a tashi, ana cikin raha, a yi maganar da kowa yake jin nauyinta: in giyabos ya zube a hanya, mai motar ne zai biya shi kaɗai ko raba wa za'ayi? Taya fa? Tarar gudu fa, ta wanda yake tuƙi ce ko ta kowa? Ku yanke, ku rubuta a waya ku tura wa juna, don a gefen titi da rana tsaka bonet a buɗe kowa tuna abun da ya fi masa sauƙi yake yi.